Ɓarayi suna daji, shaidu suna gari: ina lauyoyin tarayya a yaƙin Zamfara?

Garbadu gunduma ce a ƙaramar hukumar Talata Mafara, cikin yankin da ya haɗa Mafara da Bakura da Maradun, ƙasar da aka sani da shinkafa da noman rani albarkacin madatsar ruwan Bakolori. Mutanen wannan yanki ba za su manta da shekarar 2021 ba. A daren 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan sakandaren gwamnati ta Jangebe, wadda ita ma a ƙaramar hukumar Mafara take, aka dawo da 279 ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta aka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata huɗu. Ranar 1 ga Satumba kuma aka shiga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, aka kora yara 73 cikin daji. Makarantu uku ke nan cikin wata bakwai, a ƙananan hukumomi uku masu iyaka da juna. Kwanaki kaɗan bayan na Kaya aka katse layukan waya a faɗin jihar, bayan an riga an rufe kasuwannin mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka.

In ka zauna majalisa a Mafara ko Bakura aka ɗauko zancen tsaro, abin da za ka ji shi ne soja, jirgin yaƙi, 'yan sa-kai, sai kuma gardamar ko a yi sulhu ko kada a yi. Da wuya wani ya ambaci lauyan gwamnati. Alhali kuwa, tun ƙarshen wannan shekara ta 2021, doka ta ɗora wa lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya wani kaso mai nauyi na wannan yaƙi, kuma rashin ganin su a fagen yana cikin dalilan da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Hukuncin da aka fahimci rabinsa

A watan Nuwamban 2021, Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Tarayya, Mohammed Abubakar, ya shigar da buƙata gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Mai shari'a Taiwo Taiwo ya amince, ya ayyana ƙungiyoyin da aka kira 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda, da duk masu irin aikinsu, a matsayin 'yan ta'adda. A farkon Janairun 2022 aka fitar da umarnin a jaridar gwamnati, lokacin Abubakar Malami na Antoni Janar. Yawancin jama'a sun ɗauki abin a matsayin lasisin da zai ba sojan sama damar amfani da jiragen Super Tucano da aka sayo daga Amurka, kuma jami'an gwamnati ma ta nan suka fi bayyana shi. Sauran rabin hukuncin bai samu mai yi masa shela ba. Daga ranar da aka ayyana ƙungiya, duk wanda ya yi mata hidima da saninsa, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba, ya shiga hannun dokar ta'addanci, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin yi masa shari'a.

Ita dokar ta fara ne a 2011, aka yi mata gyara a 2013, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwa a watan Mayun 2022, tare da dokar hana halasta kuɗin haram da ta ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Abin da ya bambanta ta da dokar fashi ko ta kisan kai shi ne ba ta jiran sai an zubar da jini. Haɗa baki laifi ne, tara wa ƙungiya kuɗi laifi ne, haka ba ta mafaka ko makami ko bayani. Mai taimaka wa 'yan ta'adda na iya shan ɗaurin da bai gaza shekara 20 ba. Dokar ta kuma ba kotu ikon yarda a tsare wanda ake zargi har kwana 60 ana bincike, kamar yadda aka yi wa Tukur Mamu bayan an tare shi a Alƙahira a Satumban 2022, kafin a gurfanar da shi a Maris na 2023 kan zargin da ya shafi kuɗin fansar fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A saman duk wannan akwai sashe na 174 na tsarin mulki, wanda ya ba Antoni Janar na Tarayya ikon shigar da ƙara kan laifin da ya saɓa wa dokar tarayya, ko karɓar wadda wani ya fara, ko janye ta.

Ta nan mai gabatar da ƙara ke hana ta'addanci. Ba ya shiga dajin Sububu da ke ƙasar Maradun, amma yana iya kai hannu ga wanda ke kai wa Sububu fetur, kafin fetur ɗin ya zama hari. Hukuncin kotu shi kaɗai bai tsare kowa ba: a watan Mayun 2022, wata huɗu bayan fitar da umarnin, aka kai hari Damri da ƙauyukan kusa da ita a Bakura, rahotanni suka ce aƙalla mutum 48 sun rasu.

Sawun da kuɗin fansa ke bari

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma babu inda wannan magana ta tabbata kamar a harkar garkuwa da mutane. A duba yadda fansa guda ɗaya ke tafiya. An ɗauki magidanci a gonarsa. Bayan kwana biyu ko uku waya ta shigo, sau da yawa da layin shi wanda aka kama, wani lokacin da wani layi dabam. Mai magana ya san buhu nawa mutumin ya noma bara, ya san yana da ƙane da ke aiki a Gusau ko Abuja. Wani ne ya gaya masa, shi ne wanda mutane ke kira infoma. Aka yi ciniki, aka sauko daga miliyoyi masu yawa zuwa abin da dangi za su iya. Aka sayar da shanun huɗa, aka jinginar da fadama, aka bi 'yan'uwa da ƙoƙon bara. Waɗanda ke nesa suka turo nasu ta asusun banki, aka cire a wurin mai POS. Sai kuma ƙarin sharaɗi: sabon babur Boxer, katin waya, wani lokacin har da magani ko buhun shinkafa. Aka je shago aka sayi babur, aka rubuta rasiɗi mai lambar inji. Aka samu mai ƙarfin zuciya ya ɗauki kayan zuwa inda aka ce a tsaya.

A idon dangi wannan masifa ce da ake addu'ar ta wuce a manta. A idon mai bincike kuwa kowane mataki hujja ce. Akwai lambar waya, kuma tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Kamfanin waya na da tarihin kiran da turakun da suka ɗauke shi. Banki na da sawun kuɗin. Babur na da lamba, kuma wata rana zai dawo gari, ko wajen bakanike ko kasuwar 'yan gwanjo. Shi kansa wanda aka sako ya ga fuskoki, ya ji sunaye, ya san wanda ke zuwa daga gari da kaya. A yawancin lokuta babu wanda ke zama da shi ya rubuta wannan cikin natsuwa. Ana zuwa yi masa barka da arziki, a kai shi asibiti in da hali, shi ke nan. Hujjar da za ta iya ɗaure mutum biyar ta bi iska.

Aikin lauyan gwamnati na gari yana farawa tun kafin a rubuta takardar tuhuma. Shi ne zai gaya wa ɗan sanda ko jami'in farin kaya cewa wannan bayani ba zai tsaya gaban alƙali ba sai an samo kaza, cewa furucin da aka karɓa da duka lauyan wanda ake tuhuma zai rusa shi cikin minti biyar, cewa wayar da aka ƙwace a rufe ta a rubuta hannun da ta bi. In babu wannan haɗin kai, abin da ke faruwa kowa ya sani: a jera mutane a gaban 'yan jarida a Gusau da bindigogi a gabansu, a nuna a talabijin, bayan wata shida a ga ɗayansu yana shan shayi a tasha. Mutane su ce an ci kuɗi. Wataƙila an ci, amma sau da yawa fayil ne aka kai babu komai a cikinsa.

Shari'ar da ta nuna hanya, ta kuma nuna rauni

A Disambar 2024 ofishin Antoni Janar, wanda Lateef Fagbemi ke riƙe da shi tun 2023, ya gurfanar da wasu mutane gaban Mai shari'a Emeka Nwite a Abuja kan tuhuma 11 da suka shafi yi wa Bello Turji da wasu kacallolin daji hidima. Shi Turji an sa sunansa cikin waɗanda ba a kama ba. Wanda ya karanta tuhumar zai ga hoton yadda daji ke rayuwa da gari: kai ƙwaya da tabar wiwi, kai kayan abinci, kakin soja da na 'yan sanda, siminti da kwanon rufi, kula da raunin harbi. Akwai kuma zargin cewa a 2021 an sayo motar yaƙi daga Libiya a kan kimanin naira miliyan 28.5 aka kai wa Kacalla Halilu, an biya wani ɓangare hannu da hannu, wani ta banki. Waɗanda aka gurfanar sun musanta, kuma har sai kotu ta yanke, zargi ne.

Wannan ita ce irin shari'ar da yankin Mafara da Maradun ke buƙata, domin ta nufi jijiyar da ke kai wa daji jini. Amma a watan Yulin 2025 alƙalin ya kori ƙarar saboda ɓangaren gwamnati bai bi ta yadda ya kamata ba. Sai daga baya, a ƙarshen shekarar, aka nemi a dawo da ita, kotu ta amince. A ganina wannan sakaci ya fi asarar hari guda ciwo. Duk wanda ya yi kasadar ba da shaida a irin wannan ƙara, ya ji an kore ta don lauya bai zo ba, ya koyi darasi, kuma zai koya wa maƙwabtansa.

Shi Kacalla Halilu Sububu, wanda ya ɗauki sunansa daga dajin da ke ƙasar Maradun, sojoji sun kashe shi a Satumban 2024 a wajen Mayanci. Mutane sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai gawa ba ta ba da shaida. Wanda ya sayar masa da makamai, da wanda ke sayen zinarin da ake haƙa a ƙarƙashin ikonsa, da wanda ke ajiye masa kuɗi, duk ya tafi da sunayensu, su kuma sun nemi sabon abokin ciniki. Batun zinari ba ƙarami ba ne a nan. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Kuma a Satumban 2025 shi wannan Mai shari'a Nwite ya ɗaure Mahmud Usman, wanda hukumomi suka ce jagora ne a ƙungiyar Ansaru, shekara 15 bayan ya amsa laifin haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Wato ana iya kama babban mutum ta ƙofar kuɗinsa tun kafin a gama tabbatar da manyan tuhume-tuhumen.

Abin da Kainji ta koyar

Najeriya na da gogewa a shari'ar ta'addanci, sai dai kusan dukkanta ta Boko Haram ce. A Disambar 2013 aka yi wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai dangane da harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011. Daga Oktoban 2017 kuma aka fara zaman kotu na musamman a barikin Wawa da ke Kainji a jihar Neja. A zaman farko an ɗaure 45, aka sallami 468. A Fabrairun 2018 an ɗaure 205, aka sallami 526, kuma a wannan zaman ne aka fara samun wani da laifin hannu a sace 'yan matan Chibok. Bayan dogon tsaiko aka dawo, a Yulin 2024 aka ɗaure 125, yawancinsu kan samar wa ta'addanci kuɗi.

Waɗannan alƙaluma na da fuska biyu. Sun nuna ana iya yi. Sun kuma nuna cewa ɗaruruwan mutane sun yi shekaru a tsare ba tare da wata hujja a kansu ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi suka a 2018 cewa an yi wasu shari'o'in cikin 'yan mintuna, an dogara da furucin waɗanda ake tuhuma, kuma da yawa ƙananan mutane ne da aka kama da laifin kai abinci ko ƙin kai rahoto. Wannan gargaɗi ne ga Zamfara. A ƙauyuka da dama na Maradun da Bakura, manomi ba ya shiga gonarsa sai garin ya haɗa harajin da kacalla ya yanka, wani wurin ma har noma ake yi masa dole. In aka karanta doka da idon rufe, duk waɗannan sun taimaki 'yan ta'adda. Lauyan da ya san aikinsa dole ya raba wanda ya bayar da bindiga a wuyansa da wanda ya mayar da abin kasuwanci yana gina gida a birni. Na farkon shaida ne da ya kamata a lallaɓa, kuma duk ranar da aka tuhume shi an rufe bakin garinsu gaba ɗaya. Shi ya sa kudirin da Majalisar Dattawa ta amince da shi a Afrilun 2022, na ɗaure mai biyan kuɗin fansa shekara 15, bai samu karɓuwa ba a wajen mutanen da suka san mene ne a kira ka a waya ka ji kukan ɗanka.

Inda babu kotu

Wurin da shari'a ta bari ba ya zama fanko. A Zamfara abu biyu suka cike shi. Na farko hukuncin kan titi: a nuna mutum a ce infoma ne, ko a tare Bafulatani a kasuwa, a gama da shi ba tambaya. Duk wanda ya bi tarihin rikicin nan ya san irin wannan kisa na 'yan sa-kai yana cikin abin da ya tura matasa da yawa daji, kuma shi ne hujjar da kacalloli ke kafawa har gobe. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara sama da 2,600 a Janairun 2024 don a sa abin cikin tsari, amma askari ma in ya kama mutum yana buƙatar inda zai miƙa shi ya tabbata ba za a sake shi da dare ba, shi kuma wanda aka kama bisa ƙazafi yana buƙatar inda zai wanke kansa.

Na biyu sulhu. Ta hanyarsa aka dawo da 'yan matan Jangebe, kuma gwamnatin Gwamna Bello Matawalle ta faɗa da bakinta cewa tubabbun 'yan bindiga sun taimaka. Babu uban da zai ƙi hanyar da ta dawo masa da 'yarsa. Amma sulhun da babu barazanar shari'a a bayansa, ɗan bindiga ke da rinjaye a cikinsa. An ga ƙarshen abin a Yulin 2022, lokacin da aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoto, alhali 'yan sandan Katsina sun sa ladan naira miliyan 5 a kansa tun 2020.

Italiya ta taɓa zama a irin wannan hali da Mafiyar Sisili, inda 'yan kasuwa ke biyan kuɗin kariya kuma kowa ya kama bakinsa. Abin da ya karya shirun shi ne ƙaramin rukunin masu bincike na shari'a, cikinsu har da Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, da suka bi sawun kuɗi a bankuna, suka kuma samu na ciki irin su Tommaso Buscetta suka yi magana. Shari'ar da aka fara a Palermo a 1986 ta ƙare da ɗaure mutum fiye da 300. An kashe Falcone da Borsellino a 1992, wanda ke nuna cewa wannan aiki ba na mai neman kwanciyar hankali ba ne, kuma ƙasar da ke son a yi mata shi dole ta tsare masu yin sa.

Shaida, da nisan Abuja

Dokar Najeriya ta yarda a ɓoye shaida. A shari'o'in ta'addanci a Abuja an ga shaidu na magana daga bayan labule, ana kiran su da haruffa maimakon suna. Wannan na amfanar jami'in tsaro. Mutumin Garbadu kuwa labule ba ya isar sa. Garinsu kowa ya san wanda aka sace, kowa ya san wanda ya yi tafiyar kwana uku ba a san inda ya nufa ba. Kafin ya isa Abuja sai ya bi Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, tafiyar yini guda a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce, da kuɗin motar da ba shi da su, ya je kuma a ce an ɗage zama. Ya dawo ya kwana a gidan da ba shi da katanga, kilomita kaɗan daga mutanen da ya je ba da shaida a kansu.

Akwai reshen Babbar Kotun Tarayya a Gusau. Ban ga dalilin da zai hana a zaunar da rukunin lauyoyin tarayya a can dindindin ba, masu jin Hausa da Fulatanci, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan sanda da jami'an farin kaya da sashen bin diddigin kuɗi, suna kuma raba aiki da Ma'aikatar Shari'a ta jiha, wadda ita ma tana da dokar 2022 mai tsananin hukunci kan fashin daji da masu kai bayani. A ware kuɗin sauya wa shaida wurin zama shi da iyalinsa. A karɓi bayanin duk wanda aka sako cikin makon da ya dawo, da Hausa, a gaban wanda zai kare masa mutunci. Kuɗin wannan duka bai kai na jirgin yaƙi guda ba.

Kuma ba daga sifili za a fara ba. A 2019 gwamnatin Zamfara ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Mohammed Dahiru Abubakar. Rahoton da ya miƙa a Oktoban shekarar ya ce daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319, an sace 3,672, an biya fansar da ta haura naira biliyan 3. Ya kuma nuna yatsa ga sarakuna biyar da hakimai da dama da wasu jami'an tsaro. A Afrilun 2022 gwamnatin jiha ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Tuɓe rawani matakin mulki ne, bai tabbatar da laifi ba, bai kuma wanke wanda aka zarga ba. Kotu ce kaɗai ke iya yin ɗayan biyun, kuma sashe na 174 ya ba Antoni Janar na Tarayya ikon ya nemi wannan rahoto, ya sa a binciki abin da ke cikinsa, ya kai wanda hujja ta hau kansa gaban alƙali a Gusau.